BCM, Ƙwaƙwalwar Jikin Mota: Tambayoyin da Masu Mota Ke Yawan Yi Mana a Gareji

Da wuya mako ya wuce a garejinmu na nan Kaduna wani bai shigo ya ce mini, "Maigida, an ce birenbos ɗin motata ya ƙone" ba. In na tambaye shi wanne daga ciki, sai ya tsaya yana kallona, don shi a saninsa ƙwaƙwalwa ɗaya ce a mota. Sau da yawa kuma ya riga ya sayi wata a Panteka ko Oriakpata, tana cikin leda a kujerar baya, jira kawai yake a ɗaura masa. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a tsaye cikin rana, shi ya sa na tattara tambayoyin a nan tare da amsar da nake bayarwa. Aikina wayarin ne, don haka abin da hannuna ya taɓa shi zan faɗa.

Mece ce BCM, kuma me ya raba ta da ƙwaƙwalwar inji?

Motar zamani ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Akwai ta inji, mai lissafin mai da wutar filogi. Akwai ta giya a mota otomatik, akwai ta birki, akwai ta jakar iska. BCM (Body Control Module) kuwa ita ke riƙe da abin da ya shafi jikin mota: fitilun gaba da na baya, sigina, waifa, hon, gilasan ƙofa, makullin ƙofofi, fitilar ciki, ƙararrawar ɓarawo, har da ƙarar nan mai tuna maka ka bar fitila a kunne.

A tsohuwar 504 ko 505, in ka murɗa makunnin fitila, wuta ce ke bi ta cikinsa kai tsaye ta tafi ƙwan fitilar. A motar yanzu makunnin saƙo kawai yake aikawa. BCM ta karɓa, ta duba ko makulli na kunne, ko ƙofa a buɗe take, sannan ita ta saki wutar. Tana kuma magana da sauran ƙwaƙwalen ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe su tare kamar igiya. CAN ake ce wa tsarin, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986. Saboda wannan haɗin ne za ka ga matsalar ƙofa ta bayyana a dasbod, ko matsalar fitila ta taɓa waifa, mai mota ya fara tunanin ko sammu aka yi masa.

Na duba motata ban ga inda aka rubuta BCM ba. A ina take?

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata. Peugeot da Citroën BSI suke cewa. Honda na cewa MICU. Marsandi na cewa SAM, kuma sau da yawa biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Renault na cewa UCH. A BMW an rarraba aikin, mai kula da fitilu da gilasai a wasu samfuran ita ce FRM. Nissan da motocin GM na cikin masu kiran ta BCM kai tsaye.

Wurin zamanta galibi ƙarƙashin dasbod ne, gefen ƙafar direba ko bayan ɗan akwatin ajiya na gaban fasinja. A Honda Accord irin EOD tana haɗe da akwatin fiyus na cikin mota, haka a Toyota da yawa, haka BSI ta Peugeot. Wato akwatin fiyus ɗin da kake gani kamar roba ce kawai, a cikinsa akwai allon lantarki.

Mu a Kaduna BSI muka fi sabawa da ita, kuma ba mamaki. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, garin nan ya taso da Fijo, kuma har gobe 406 da 206 da 307 na cike da titunanmu. Dattawan masu wayarin da suka ƙware a 504 sun sha wuya da BSI ta iso, domin dabarar ɗauko wuta daga nan ka jona can ta daina ci.

Waɗanne alamu ke nuna ta samu matsala?

Alama ɗaya tak ba ta isa ba. In gilashin ƙofa ɗaya ne ya ƙi sauka, ka fara zargin makunninsa ko ƙaramar motar lantarkin da ke ɗaga shi ko wayar ƙofar. Abin da ke sa in juya wajen BCM shi ne abubuwa da yawa da ba su da dangantaka su rikice lokaci guda: waifa ta tashi da kanta rana tsaka, ƙofofi su riƙa kullewa suna buɗewa kana tafiya, hon ya kama ihu ƙarfe biyun dare, fitila ta ƙi mutuwa bayan an zare makulli, rimot ya daina aiki alhali batirinsa sabo ne, dasbod ya cika da fitilun gargaɗi. A wasu motocin ma injin zai yi ta juyawa ya ƙi kamawa, ko kikistata ta ƙi motsi gaba ɗaya, saboda bayanin makulli ta BCM yake bi.

Sai dai duk abin da na lissafo, raunin batir ko sakin wayar at (mai mayar da wuta batir ta jikin ƙarfen mota) na iya haddasa shi.

Mai wayarin ya ce ta mutu, ko mita bai ɗauko ba. In yarda?

A'a, Alhaji, kar ka yarda tukuna. A motocin da ake kawo mini da cewa BCM ta mutu, waɗanda na samu ita ce ta mutu da gaske su ne 'yan kaɗan. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita akwati ce rufaffiya da ba wanda ke ganin cikinta, don haka duk abin da ya gagari mai gyara sai ya ɗora mata.

Wata damina wani malamin makaranta daga Unguwar Rimi ya kawo mini 307. Sigina na dama in ya kunna sai babbar fitila ta riƙa walƙiya, wani lokaci waifa ta amsa. An riga an sa shi ya sayi BSI har da ƙwaƙwalwar inji da makulli, saiti guda, aka ɗaura, ciwon na nan. Da na sa sikana, wato na'urar karanta ƙwaƙwalen mota, na buɗe shafin da ke nuna saƙon da makunnai ke aikawa, sai na ga tun daga sitiyari saƙon ke fitowa a karkace: na tura sigina, na'ura ta nuna an ja babbar fitila. BSI baiwar Allah abin da aka gaya mata take yi. Laifin na sandar makunnai ne da ke bayan sitiyari, wadda a Peugeot ake kira COM2000, kuma sananniya ce da wannan halin a 206 da 307. Muka canza ta, muka mayar masa da tsohuwar BSI ɗinsa. Saitin da ya saya kuwa, mai shagon ya ce kayan lantarki in sun fita ba sa dawowa.

Tambayar da za ka yi wa mai gyara ita ce: me ka auna, nawa ka gani? In yana da amsa, ka saurare shi.

To yaya ake binciken yadda ya kamata?

Daga batir ake farawa, ko da mai mota ya rantse jiya ya saye shi. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna folt 12.6 ko kusa da haka. In ya sauko 12.2 to rabin cajinsa ya tafi. In inji na aiki, altaneta ya kamata ta riƙe tsakanin 13.5 da 14.7. Wanda ya haura 15 yana dafa duk wata ƙwaƙwalwa da ke motar a hankali. Ana kuma kallon yadda wutar ke faɗuwa lokacin tayar da mota, domin batirin da ke zubewa ƙasa da folt 9.6 a lokacin kik yana sa ƙwaƙwale su ɗauke su dawo, kowacce ta rubuta cewa 'yar'uwarta ta ɓace.

Daga nan sai fiyus, kuma ba da ido ba. Fiyus na iya tsagewa a inda ido ba ya gani, sai an taɓa ƙafafunsa biyu da mita ko fitilar gwaji. Sai wayoyin at, wato waɗanda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota don wuta ta koma batir. Nan ne mutane ke tsallakewa. Noti ɗaya mai tsatsa a ƙarƙashin kafet ya isa ya haukata mota. Ba a gwada at da mota a kashe. Kunna kayan wutar ake yi, a auna tsakanin ƙafar at ta BCM da kan batir na negatif. In abin da mita ta nuna ya wuce folt 0.2, hanyar ba ta da kyau.

Sannan a zare soket ɗin BCM a haska da tocila. Kore-kore ko fari-fari a jikin ƙafafun alamar ruwa ne. Robar da ta narke ko ta yi baƙi alamar zafi ne. A shinshina ma, allon da ya ƙone yana da ƙaurinsa, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa.

Sai a zo kan sikana. Da ita ake ganin abu biyu masu raba gardama. Na farko, shin saƙon makunni na isa BCM? Na biyu, in na umarce ta daga sikana ta kunna waifa ko ta kulle ƙofa, tana yi? In na umarta ta yi, to ita da wayar fita lafiya suke, laifin na wajen makunni ne. In saƙo ya shiga, wuta da at sun cika, wayar fita ba ta yanke ba kuma ba ta taɓa jikin mota ba, amma ƙafar da ya kamata ta ba da wuta ta yi shiru, a nan ne kawai nake buɗe baki in ce BCM ce.

Wuri ɗaya da nake tura yarana su duba tun kafin in taso shi ne robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Ƙofar da ake buɗewa sau ashirin a rana shekara goma sha biyar, wayoyin ciki kan karye, wasu su goge su haɗu da juna. Gilashi da makullin ƙofa da madubi duk ta nan suke wucewa.

An yi mini sikanin, an ga U0140. Ba shi ke nan ta mutu ba?

U0140 lambar matsala ce da sikana ke nunawa, cewa take yi wata ƙwaƙwalwa ta kira BCM ba ta amsa ba. Ba ta faɗi dalili ba. In ka kira ɗan'uwanka a waya ba ta shiga ba, ai ba ka fara karɓar gaisuwa. Wataƙila caji ne ya ƙare masa ko sabis ne babu. Haka nan: fiyus ɗinta ne ya ƙone, ko at ta saki, ko wayar CAN ta yanke, ko kuma wata na'urar daban ce ta lalace ta toshe layin kowa ya kasa magana.

Harafin farko na lambar na nuna ɓangaren. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu da sitiyari, U na sadarwa tsakanin ƙwaƙwale. 'Yar ƙaramar sikanar nan mai araha da ake haɗawa da wayar hannu galibi lambobin inji kawai take karantawa. Za ta ce maka babu matsala alhali BCM na cike da lambobin B. Ana bukatar wadda ke shiga kowane sashe, irin Launch ko Autel, ko ta kamfanin kanta: Techstream ga Toyota, HDS ga Honda, Diagbox ga Peugeot.

Akwai gwaji mai sauƙi na layin CAN. Soket ɗin sikana, mai ƙafa 16, galibi yana ƙarƙashin sitiyari. A cire kan batir, a auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14. Om 60 ake so a gani, domin akwai abin tare wuta mai om 120 a kowane ƙarshen layin. In an ga 120, gefe ɗaya ya yanke. In an ga kusa da sifili, wayoyin biyu sun haɗu. Wannan ya fi aiki a motocin 2008 zuwa sama, musamman 'yan Amurka, don daga shekarar ce doka can ta wajabta CAN a wannan soket. Tsofaffin Peugeot irin 206 da 307 na farko wani tsarin suke haɗawa da shi, kar a yanke musu hukunci da wannan gwajin.

Batirina na mutuwa kafin gari ya waye. BCM ce ke shanye shi?

Tana iya zama ita, in ta ƙi yin barci. Bayan an kashe mota an kulle, ƙwaƙwale kan yi 'yan mintoci suna kammala aikinsu, wasu motocin har rabin awa ko fiye, sannan su kwanta. Daga nan wutar da mota ke ja bai kamata ta wuce miliamfiya 50 ba. In tana jan amfiya 2, cikin awa 12 ta kwashe amfiya-awa 24, kusan rabin ƙaramin batir ke nan, da safe sai turi.

Ana sa mita a layin negatif, a kan ma'aunin amfiya 10, kuma kar a kuskura a tayar da mota a haka, fiyus ɗin mitar zai tafi. A bar ƙofa a buɗe amma a danna harshen makullinta da sukundireba don mota ta ɗauka a rufe take. A jira ta yi barci, sannan a bi fiyus ɗaya-ɗaya.

Ko an ga ta fiyus ɗin BCM wutar ke zurarewa, da saura. Sau da yawa wani abu ne ke tashin ta: makunnin but da ke cewa a buɗe yake, ko na ƙofa da ya lalace, ko rediyon Android da aka jona ba daidai ba. Wata Hajiya daga Barnawa ta canza batir biyu cikin wata uku a Corolla ɗinta. Da muka sauke murfin ƙarƙashin sitiyari, sai ga tiraka, na'urar bin sawun mota, an naɗe ta da baƙin salatif, an fere wayar da ke shiga akwatin fiyus an murɗa tata a kai, ko dalma babu. Salatif ɗin ya saki saboda zafi, jan ƙarfen na leƙowa. Muka ba tirakar layinta da fiyus ɗinta daban, muka ɗinke wayar da aka fere, maganar ta mutu.

Me ke kashe BCM a garin nan?

Ruwa ne kan gaba. Daga Yuli zuwa Satumba aikin ya fi yawa. Ba sai mota ta nutse ba: gilashin gaba da aka canza ba a liƙe shi da kyau ba, magudanar rufin sama mai buɗewa da ƙurar hunturu ta toshe, bututun zubar da ruwan AC da ya cushe ya riƙa ɗiga cikin mota, ganyen darbejiya da ya taru a ƙarƙashin waifa ya hana ruwa wucewa. Duk waɗannan gefen ƙafar direba ko fasinja suke gangarawa, daidai inda take zaune. A Marsandi ML ta 2006 zuwa 2011 ruwa kan bi ta robar fitilar baya ya sauka kan SAM ta baya. Ga kuma masu wankin mota da ke sa injin feshi a cikin bonet, wasu har cikin kafet. Motocin gwanjon Amurka da ambaliya ta ci su ma suna shigowa, a wanke su tas, sai bayan wata shida tsatsar ta fara magana. In za ka sayi mota, ɗaga kafet ka duba notunan kujera.

Na biyu hannun mutane ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cire kan batir inji na aiki, wai a gwada ko altaneta na caji. A 504 an yi an kwana lafiya. A motar yau batirin ne ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi, altaneta ta watsa wuta mai ƙarfi cikin kowace ƙwaƙwalwa. Mita ta naira kaɗan za ta ba ka amsar ba tare da wannan gangancin ba. Sai jona batir a juye lokacin taimakon wanda motarsa ta mutu a hanya. Sai walda a jikin mota ba a cire batir ba. Sai ɗaure fiyus da zaren waya, ko sa na amfiya 30 a gurbin na 10; fiyus ya ƙi ƙonewa, allon BCM ya ƙone a madadinsa. Sai ƙarin fitilu da hon mai ƙarfi da ake ɗora wa layinta kai tsaye ba rile, wato ɗan makunnin lantarki mai ɗauke mata nauyin wutar.

Ɓera ma na da nasa kason, musamman motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi.

Ruwa ya shiga motata jiya. Me zan yi yanzu?

Kar ka kunna makulli don ka ga ko tana tashi. Cire kan batir na negatif. Ruwa shi kaɗai ba ya saurin cin allo, ruwa da wuta tare ne ke cinye ƙafafun cikin sa'o'i. A ɗaga kafet gaba ɗaya, don soson da ke ƙarƙashinsa kan riƙe ruwa mako guda ko da saman ya bushe. A fito da BCM, a buɗe, a wanke allon da sinadarin wanke lantarki da buroshi mai laushi, a bar shi ya bushe sosai. Da yawa kan dawo in an yi saurin haka.

Ana gyara ta, ko dole sai canji?

Ya danganta da abin da ya lalace. Rile da ya maƙale a kan allo, dalmar da ta tsage, layin da ya ƙone, ƙaramin transisto mai ba fitila wuta, duk ana canza su, kuma akwai yara masu hannu a garin nan da suka fito daga gyaran waya da talabijin suna yin aikin da kyau. FRM ta BMW ma sau da yawa ba ƙonewa take yi ba, bayananta ne ke rikicewa in batir ya yi ƙasa, a sake rubuta mata ta tashi. Amfanin gyara shi ne makullinka da saitin motarka na nan yadda suke.

Wadda ba na ba da shawarar a gyara ita ce wadda tsatsa ta shiga ƙarƙashin babban cif ɗinta, ko allon ya ƙone ya huje. Za ta yi mako biyu ta dawo, ka ce na cuce ka.

Sabuwa zan saya ko ta Beljiyom?

Yawancinmu ta Beljiyom muke ɗaurawa, don sabuwa fil a kwali tana da tsada kuma sai an yi oda. Ana samu a Panteka da Oriakpata, in babu a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Sharaɗin shi ne lambar da ke jikin takardarta ta yi daidai da taka, har haruffan ƙarshe. Kamannin akwati ba hujja ba ne. Camry biyu 'yan shekara ɗaya, ɗaya mai makullin murɗawa ɗaya mai dannawa, ko ɗaya 'yar Amurka ɗaya 'yar Dubai, na iya bambanta a ciki. Ɗauki hoton lambar, ko ka tafi da tsohuwar a hannu. Leƙa ƙafafun soket ɗin kafin ka biya, in ka ga kore ka ajiye musu abinsu. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Kuma ku yi magana a gaban shaida cewa in ba ta yi ba za a canza maka.

Wai sai an yi mata firogiramin?

A wasu motocin ɗaurawa kawai ake yi, a wasu kuwa ko motsi motar ba za ta yi ba. Toyota da yawa na'urar gane makulli daban take, don haka mota kan tashi, sai dai a daidaita wasu saituna. Nissan a BCM take ajiye makullai, dole a sake yi musu rajista, kuma ka kawo duka makullanka ranar, wanda aka bari a gida zai daina tayar da mota. Wasu Honda, irin Civic ta 2006 zuwa 2011, su ma sai an haɗa sabuwar MICU da makulli ta sikana.

Peugeot ce mai dogon labari. BSI da ƙwaƙwalwar inji da makulli suna da lambar sirri ɗaya mai harafi huɗu, wadda asali ke zuwa a wani kati da ake ba mai sabuwar mota, kuma kusan ba wanda ke da nasa yanzu. BSI ta wata motar ba za ta yarda da injinka ba. Hanya uku ce: a sayi saiti guda na BSI da ƙwaƙwalwar inji da cif ɗin makulli daga mota ɗaya, ko a kwafe bayanan tsohuwar a zuba cikin wadda aka sayo, ko a goge ta ta koma kamar sabuwa a saita ta da Diagbox. Ni kwafewa na fi so in tsohuwar na karantuwa, shi ya sa nake cewa kar ka yar da ita ko ka bar wa mai shago. Wani abin lura kuma, BSI da agogon dasbod duka suna riƙe da kilomitar mota, kuma mafi yawan ake ɗauka. Ka ara BSI ta motar da ta fi taka tafiya don gwaji kawai, agogonka na iya haurawa ya ƙi saukowa.

Zan iya canza ta da kaina?

Cirewa da ɗaurawa ba wuya, noti biyu ko uku ne da soket-soket. Ɗauki hoto kafin ka zare komai. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, ka bar gilashin direba a sauke don kar ta kulle ka a waje. A Peugeot a jira minti 3 bayan kashe mota, ba a taɓa komai, kafin a cire batir, don BSI ta gama ajiye bayananta. Bayan cire batir kuma a dakata kafin a sa hannu ƙarƙashin dasbod saboda jakar iska: Toyota na cewa daƙiƙa 90, Honda minti 3. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne, ba ruwanka da shi. In an gama, gilasan da ke hawa da kansu kan manta iyakarsu. Ja makunnin sama ka riƙe 'yan daƙiƙu bayan gilashin ya rufe. Wasu Honda za su nemi lambar rediyo.

In motarka na cikin masu bukatar firogiramin, kar ka fara a gida, sai dai in ka shirya biyan mai jan mota. Lokacin firogiramin ɗin ma a tabbatar batir na da ƙarfi ko an jona masa caja, don in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu, sabuwar ma ta tafi.

Nawa zan tanada?

Ba zan rubuta farashi ba, don kayan nan da dala suke tafiya, abin da na faɗa yau jibi ya zama ƙarya. Amma ka san kuɗi uku ne: na bincike, na kayan, na firogiramin. Mutanenmu sun fi jin zafin na farko. Mutum zai biya kuɗin BCM bai yi ciniki ba, amma ka ce ya biya awa biyun da ka yi kana bin waya sai ya ce ai ba ka canza komai ba.

Zan iya ci gaba da hawa kafin in samu kuɗi?

In gilashi ne ko rimot, lallaɓa. In fitilun gaba na ɗaukewa, ko fitilar birki ba ta kamawa, ko waifa na tsayawa cikin ruwa, kar ka hau hanyar Zariya ko ta Abuja da ita, balle da dare. In kuma kana jin ƙaurin roba, cire kan batir duk inda ka ajiye ta.

An canza, bayan kwana kaɗan ciwon ya dawo. Me ya faru?

Ko dai tun farko ba ita ba ce, ko kuma abin da ya kashe ta farko yana nan ya kashe ta biyu. Ruwa ba ya tsami banza. In ƙaramar motar lantarki ta makullin ƙofa ce ta ƙone tana jan wuta fiye da ƙima, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe a cikin but, sabuwar BCM za ta ƙone a daidai ƙafar da tsohuwar ta ƙone. Shi ya sa kafin in jona wadda aka sayo nake auna layin da ya mutu in ga nawa yake ja. In kuma ruwa ne, nakan sa yaro ya zauna a ciki da tocila, kafet a ɗage, wani ya riƙa zuba ruwa da bokiti a kan gilashin gaba da rufi, daga ƙasa zuwa sama, har sai mun ga ta inda yake ɗigowa. Sai an toshe wurin, an sake zubawa ya fito a bushe, sannan nake cewa a miƙo sabuwar.